Tafin Hannu Biyu a Gindin Randa

Sittana ce ta tsinci mijinta Tajussir kwance a tsakar gida bayan sallar asuba, fuskarsa cikin amai, buta a kife kusa da hannunsa. Ihunta ya tara rabin tsibirin. Kafin in iso, maza huɗu sun ɗauko shi a gadon igiya sun nufi ɗakin shan magani, amininsa Ajabna wanzami yana biye a baya yana haki, riƙe da takalman mara lafiyan.

Kowa a tsibirinmu na Artigol ya san ciwon Taju. Shekarun baya ya kama ramewa, fatarsa ta yi duhu har dasashi, ya riƙa lasar gishiri kamar akuya. Sai a asibitin Dongola aka gano cewa 'yan ƙullutun nan biyu da ke saman ƙoda sun daina aiki, su ne ke fitar da sinadarin da ke riƙe jinin mutum da ƙarfinsa in jiki ya shiga wahala. Tun daga nan yake shan ƙwayar maganin kotizon safe da la'asar, kuma da shi yake tayar mana da injin ban ruwa kamar kowane mai lafiya.

Sista Mahasin, ma'aikaciyar jinyarmu, ba ta tsaya tambaya ba. Ta auna jininsa, ta ga ya yi ƙasa ƙwarai. Ta yi masa allurar kotizon a cinya, ta lalubi jijiya da ƙyar ta ɗaura masa ƙarin ruwa mai gishiri da sukari, ta sa aka ɗaga ƙafafunsa a kan matashi. Sai da ya buɗe ido ya sake lumshewa sannan ta juya ga matarsa.

"Zazzaɓi ya yi?"

"Tun shekaranjiya, Sista."

"Ya ninka maganin kamar yadda na ce?"

"A gabana ya ninka. Ni na miƙa masa ruwa."

"Da ya fara amai fa? Ba na ce in magani ya ƙi zama a ciki a kira ni in yi allura ba?"

"Ya ce zai wuce."

"Kullum zai wuce. Kawo mini gwangwanin maganin."

Da aka kawo, ta juye ƙwayoyin a farin faranti. Duk farare ne, ƙanana, zagayayyu. Ta tsaya tana kallonsu, sannan ta sa yatsa tana warewa har suka zama tsibi biyu, ɗaya ya fi ɗaya girma.

"Wannan ƙaramin shi ne nasa," in ji ta. "Wannan kuwa maganin ƙaiƙayi ne. Ba ni na ba shi ba."

A hankali ta yi maganar, amma tagar cike take da fuskoki.

*

Kafin azahar kowane gida ya riga ya samo mai laifinsa. Wasu suka ce wansa Hamad ne, tun da sun shekara ba sa magana saboda bishiyar dabinon mahaifinsu da ta fito a kan iyaka. Mata suka ce an ga Sittana da kwalba a ƙarƙashin mayafi tana fitowa daga gidan Faki Nurain mai rubutun sha.

Babu ɗan sandan da zai iya zuwa. A wannan shekarar kogin Nilu ya cika har ya shanye mashigar jirgi, injin jirgin fitona kuma ya mutu tun farkon cikar. Mun yi makonni ba mai fita ba mai shigowa. Saboda haka mai gari ya aika aka kira Jubara mai bin sawu. Bisa al'ada, ba ya fita aiki sai da shaida wanda ba dangin kowa ba ne a rigimar. Ni da ba ni da aikin yi, ni aka zaɓa.

Jubara tsoho ne ɗan firit, mutumin hamada da ya tsufa a cikinmu, kullum da taba a leɓe. Ya sha gano akuyoyi da buhunan dabino, sau ɗaya har da jaririn da aka sace a wancan ƙetaren.

"Ɗan Karrar," ya ce mini muna tafe, "na bi sawun raƙumi, na bi na ɓarawo mai tafiya da baya. Ban taɓa bin sawun ƙwaya ba."

"Ai ƙwaya ba ta tafiya, Baffa."

"Shi ya sa nake da sauran rai a aikin."

Ya tsaya a ƙofar gidan Taju ya dubi tsakar gidan da jama'a suka tattake tun safe.

"Allah ya shirye ku. Garken shanu ma ya fi ku bar wa mutum abin karantawa."

Ya tambayi maƙwabta inda ake ajiye gwangwanin. Suka nuna rumfar randa a gefen katanga. Sista ce ta ce zafi na lalata maganin, shi ya sa Taju ke tura shi can bayan randar, ƙasa, inda sanyi yake. Ruwan da ke tsatsa daga gindin randar ya sa yashin wurin kullum a jiƙe. Jubara ya tsuguna ya daɗe yana kallo, bai taɓa komai ba. Ya karɓi babban daro ya kife a kan wurin, ya ɗora dutse, ya ce duk mai jin ƙishi ya je maƙwabta.

Daga nan ya zagaya bayan gidan. A gindin katanga akwai bulo ɗaya, kewaye da shi sawun takalmin taya mai cinyayyen dunduniyar hagu.

"Wannan ya zo ba sau ɗaya ba," in ji shi. "Yana hawa bulon, yana daɗewa a tsaye. Ka san mai shi?"

Na sani. Duk wanda ya taɓa bin Hamad a hanyar gona ya san yadda yake jan ƙafar hagu.

*

Mun same shi yana gyaran kwarin ruwa tsakanin kunyoyin wake. Bai ajiye fartanya ba.

"An aiko ka ka ɗaure ni, Baffa Jubara?"

"Da me? Rawanina? Me kake yi a bayan katangar ƙanenka?"

Hamad ya ci gaba da sara.

"Leƙawa nake."

"Gidan mutum da matarsa?"

"Tsakar gida kawai ake gani. Na lura kwanan nan ba ya zuwa inji da wuri, in ya zo kuma sai ka gan shi yana gyangyaɗi a gindin bishiya. Taju ba ya barcin rana. Shekaranjiya na ji yana kakari."

"Me ya hana ka shiga ta ƙofa?"

"Na rantse ba zan sake taka gidansa ba."

"Sai ka taka bulonsa."

"Bulon ba nasa ba ne. Ni na kawo shi."

Jubara ya tofar da taba. Ya ce ya miƙo hannayensa. Hamad ya miƙa, manyan hannaye duk kanta da faso. Tsohon ya juya su kamar mai tayin kifi, ya sake.

Muna komawa na ce, "Ko dai ya tsallaka ciki?"

"Na duba ta ciki. Yashin gindin katangar ba wanda ya dira a kai sai kyanwa. Mutumin nan tsaye yake yi ya kalli ƙanensa ya sauka ya tafi gida. Girman kai ne ciwonsa, kuma ba a kai mutum gaban alƙali don wannan, da ba wanda zai rage a masallaci."

*

Washegari da safe muka je ɗakin shan magani. Taju ya farfaɗo, yana kurɓar romo mai gishiri. Sista Mahasin ta zaunar da shi a hankali ta sake auna jininsa a zaune, ta duba sukarinsa, ta ce tukuna, kada ya miƙe. Ta hana mu yi masa tambaya.

Sittana na baranda tana haɗa shayi. A doguwar kujerar bakin ƙofa Ajabna ke zaune, inda ya yini jiya, yana fifita da kwali. Mutum ne mai kumatu da tumbi, ɗan shekara arba'in da wani abu, wanda bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba.

"Ga mai karatun ƙasa," in ji shi. "Baffa, don Allah in ka gama ka nemo mini sawun kwastomomina. Tun da ruwa ya cika kowa ya zama waliyyi, an bar gemu."

"Reza ce ta ƙare maka, ba mutane ba. Kana ta zufa, Ajabna."

"Kitse ne ke kuka. Matata ta iya girki, ni kuma na iya biyayya."

Jubara ya zauna kusa da Sittana ya karɓi shayi.

"'Yata, me ke cikin kwalbar Faki Nurain?"

Hannunta ya tsaya a kan buta. Ta dubi ƙofar ɗakin da mijinta yake.

"Rubutu ne, Baffa."

"Taju ya sani?"

"A shayi nake zuba masa. Da ya sani da ya yi faɗa. Na ga yana ta barci, ƙafafunsa ba ƙarfi, abinci ba ya shiga. Na ce ko baki ne ya kama shi."

"Fakin ya ce a bar maganin asibiti?"

"Wallahi bai ce ba. Cewa ya yi a haɗa da na Sista, shi roƙo ne nasa. Ku tambaye shi."

Sista Mahasin da ke jin su daga ciki ta leƙo.

"Rubutu bai kashe kowa ba. Amma da kin kawo mini labarin barcin nan kamar yadda kika kai wa Faki, da na buɗe gwangwanin tun tuni. Maganin ƙaiƙayin ne ke sa shi barci, rashin nasa ke cin ƙarfinsa."

Sittana ta sunkuyar da kai. Jubara ya tambaye ta su wa ke shiga gidan. Ta ce duk manomin da ke neman layin ruwa, da maƙwabta, da Ajabna da ke zuwa dara kullum da la'asar. Kowa in ya ji ƙishi randar yake nufa, ba mai kula da shi.

"Ni dai in guba zan ba shi," in ji Ajabna, "sai na bari na rama cin da yake mini a dara."

Ba wanda ya yi dariya sosai. Jubara ya dubi hannayen Sittana, ƙanana masu lalle, ya shanye shayinsa ya miƙe.

"Sista, ki ba ni ɗan lokaci. Akwai abin da na gani wanda ban gane ba."

*

Ta bar Sittana da mara lafiyan ta biyo mu. A rumfar randa Jubara ya ɗauke dutse ya buɗe daron.

A jiƙaƙƙen yashin akwai shatar gwiwoyi biyu. A gabansu, tafin hannu biyu, yatsu a baje, sun nutse sosai.

"Ba Taju ba ne," in ji shi. "Bel ɗin inji ya cinye masa yatsa ɗaya, nan kuwa goma ne cif. Ba mace ba ce. Ba manomi ba ne, tafin sumul yake ba faso. Ya durƙusa ya miƙa hannu bayan randa, wannan ba abin mamaki ba ne. Tashinsa ne ya dame ni. Duba. Ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya ɗaga ƙugu tukuna kamar raƙumi, sannan ya jawo ƙafafu. Ga tsofaffin shatoci a ƙarƙashi, kowane zuwa haka yake tashi."

"Tsoho ne ke nan," na ce.

"Ni tsoho ne. Tsoho gwiwarsa ke ciwo, ba ya durƙusa a kan duka biyun, yana dafa gwiwa ɗaya ko sanda. Wannan gwiwarsa lafiya lau. Ga sawunsa nan guda ɗaya da ya tsira, takun mai sauran ƙuruciya ne, mai nauyi. Jiki mai nauyi, ƙafa ta matashi, amma cinya ba ta ɗaga shi. Ban taɓa ganin irinsa ba."

Sista Mahasin ta tsuguna kusa da shi. Ta bi shatar da ido.

"Ni na gani," ta ce. "Wanda ya daɗe yana shan kotizon fiye da kima, haka cinyoyinsa ke mutuwa. Fuska ta kumbura, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, fata ta yi laushi ko ƙaramin bugu sai ta yi shati. A kasuwar ƙetare ana sayar da mai ƙarfinsa a tire kamar alewa. Mata na sha don ƙiba, maza don ciwon gaɓoɓi ko ƙirji. Na yi faɗa har na gaji, sai suka koma ɓoye mini."

"To me zai yi da na Taju?"

"In mutum ya daɗe yana sha, nasa ƙullutun na saman ƙoda sai su kwanta barci, tun da ana kawo musu aikin daga waje. Ranar da ya daina farat ɗaya, ya zama Taju. Kasuwa kuwa..."

Ta dube ni.

"Ba wanda ya je kasuwa tun da injin jirgina ya mutu," na ce.

Jubara ya mayar da daron.

"Ke nan ba kisa ya zo yi ba."

"Ban san abin da ya zo yi ba, Baffa. Abin da na sani, tun jiya da safe gwangwanin yana cikin durowata. In bai ɓoye wasu ba, yanzu haka ba shi da ko ɗaya a jikinsa."

"Yaushe zai faɗi?"

"Yana iya kai gobe. Yana iya ƙin kaiwa."

Na ce da su ai masu kumatu a cikin masu shiga gidan ba su da yawa, mu je kai tsaye.

"Ɗan Karrar, ni ba na kiran sunan mutum don kumatunsa. Ƙasa ce ke kira. Je ka gaya wa mai gari a share filin ƙofar gidansa a yayyafa ruwa. Bayan la'asar nake son duk namijin da ya taka gidan Taju tun da ruwa ya cika."

*

An taru. Maza kusan ashirin a gefen filin da aka share, mata a bayan katanga, Sittana a cikinsu. Hamad ya zo shi ma, ko da yake ba a kira shi ba. Kowa ya cire takalmi, don an saba a irin wannan taro mutum ya ratsa fili ƙafa ba takalmi mai bin sawu ya duba.

"Yau ba tafiya," in ji Jubara. "Ku shiga ku zauna a ƙasa. Ku ba juna tazara."

Aka yi gunaguni, aka zauna. Ajabna ya nemi turmin da ke gefe zai zauna a kai.

"A ƙasa, wanzami."

"Baffa, farar jallabiya ce. Kai za ka wanke?"

"Matarka ta iya girki, za ta iya wanki."

Ya sauka a hankali, ƙarshen saukar faɗuwa ce. Aka yi 'yar dariya.

Sista Mahasin ta tsaya a gaba da jakarta a hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ni ba 'yar sanda ba ce. Wanda ya ɗebi maganin Taju ba shi da lafiya, kuma ya san haka. Yanzu yana jin jiri, zuciyarsa na tashi, gaɓoɓinsa na ciwo, ƙila cikinsa na murɗa. Ba zai wuce ba. In ya yi magana yanzu zan yi masa abin da na yi wa Taju. In ya bari ya faɗi a ɗakinsa shi kaɗai, ba lallai in riske shi ba."

Wani ya yi tari. Mai gari ya dubi Jubara.

"To, ku tashi," in ji tsohon. "Kowa ya koma baya ya bar mini wurin zamansa."

Matasa suka miƙe zumbur. Dattawa suka dafa gwiwa suna kiran sunan Allah. Hamad ya tashi yana jan ƙafarsa. Cikin ɗan lokaci kowa ya koma gefe, sai mutum ɗaya.

Ajabna ya naɗe ƙafafu ya yunƙura hannayensa a kan cinya. Ya ɗago kaɗan ya koma. Ya sake yunƙurawa, jijiyar wuyansa ta fito, ya koma.

"Ƙasar mai gari daɗi gare ta," ya ce. Muryarsa ba ta fita sosai ba. "Ku bar ni in ɗan more."

Ya dubi Jubara, Jubara kuma ƙasa yake kallo. Sai ya juya kan gwiwoyinsa, ya baje tafin hannu biyu a jiƙaƙƙen yashi, ya ɗaga ƙugu, ya jawo ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Da ya miƙe, Jubara ya matso ya duba shatar ya gyaɗa wa mai gari kai.

Ajabna bai daɗe a tsaye ba. Fuskarsa ta koma kalar toka, ya yi amai a gaban jallabiyarsa ya zube.

Sista ta riga kowa isa. Ta naɗe masa hannun riga don aunawa, muka ga damtsen duk shatin jini kwance a ƙarƙashin fata. Ta buɗe jaka ta fasa bakin 'yar kwalbar allura.

Sittana ta ratso maza mayafinta na ja a ƙasa.

"Ita ce ta ƙarshe! Kin ce ta Taju ce in ya sake faɗuwa!"

"Taju na iya haɗiye ƙwaya yanzu. Wannan ba ya iyawa."

"Shi ya so kashe shi!"

"Ki kai ƙara gobe. Matsa mini haske."

Ta soka allurar a cinyarsa ta cikin jallabiya. Sittana ta tsaya tana kallo, sannan ta juya ta koma bayan katanga. Mutane huɗu suka ɗauki Ajabna a gadon igiyar mai gari, biyu daga cikinsu suna tsaki.

*

Ɗakin shan magani gado biyu gare shi, saboda haka kusa da Taju aka kwantar da shi. Da ya dawo hayyacinsa kafin magariba, mai gari da Jubara da ni muna tsaye. Bai yi musu ba.

Shekara uku ke nan, in ji shi, wani mai tire a kasuwa ya ba shi ƙwaya don asmarsa. Ƙirjinsa ya buɗe kamar an cire masa dutse. Ya ci gaba da saye, ya ƙara yawa. Da jirgi ya tsaya suka ƙare, kwana biyu ya kasa ɗaga kai daga matashi. Ya tuna sunan maganin amininsa ɗaya ne da nasa. Ranar farko guda biyu ya ɗauka, ya zuba na ƙaiƙayi a madadinsu don kada gwangwanin ya nuna raguwa. Na Taju bai kai nasa ƙarfi ba, dole ya riƙa komawa.

"Me ya hana ka zuwa wurina?" in ji Sista tana gyara masa robar ƙarin ruwa.

"Kin sha faɗa a kan masu tire a gaban kowa. Ni ne ma nake taya ki yi wa mata dariya."

Ta ɗaga kafaɗa. Ta ce abin da ya rage na ainihin maganin ba zai daɗe ba in mutum biyu ke sha, allura kuma babu. Ko ta yaya sai wani ya ƙetare.

Da sassafe na fito da tsohon kwalekwalen mahaifina na katako. Na tarar da Hamad zaune a bakin ruwa da filafili biyu.

"Ba don gidansa ba ne," ya ce. "Ruwa ba gidan kowa ba ne."

Kogin ya ja mu nesa da mashiga kafin mu taɓa wancan gefen, sauran hanyar a bayan motar dabino muka yi ta. Mun dawo washegari da kwalin magani da allurai da abin shaƙa na asma, hannayena duk sun ɗaye. Hamad ya miƙa wa Sista kwalin a baranda. Taju ya hango shi ta taga ya ce, "Yaya, shigo mana, nan ba gidana ba ne." Ya shiga.

Mai gari ya tambayi Taju ko a kai maganar gaban hukuma in ruwa ya janye. Ya ce a'a, bai kuma ba da dalili ba. Jubara ya karɓi buhun dabinon ladansa ya koma gida.

Sista Mahasin ta kafa doka. Ajabna ba zai riƙe ƙwaya a hannunsa ba. Kullum da safe zai zo ya karya kumallo a gabanta ya sha, tana rage masa kaɗan kaɗan cikin watanni har nasa ƙullutun su farka, tana duba sukarinsa da jininsa. Taju ma ta ce ya riƙa zuwa da safe har ƙarfinsa ya dawo. Ta ɗaura wa kowannensu awarwaro mai shaida cewa kotizon ke riƙe da shi, ta koya wa Sittana da matar Ajabna yin allura a jikin lemo, su biyun ba mai kallon wata.

Haka mutanen biyu suka riƙa haɗuwa a doguwar kujerar baranda, wannan a wannan ƙarshe, wancan a wancan. Mako ya wuce ba su yi magana ba. Ranar da suka yi, ina wurin ana wanke mini hannu.

Ajabna ne ya fara, idonsa a kan ƙofa.

"Taju, wallahi ban taɓa kwashe duka ba. Kullum ina bar maka rabi. Na ce rabi zai riƙe ka."

Taju ya haɗiye ƙwayarsa ya kora da ruwa. Ya goge baki da hannun nan mai yatsa huɗu.

"Da ka tambaye ni, da rabin zan ba ka."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Da ka tambaya, da na san da rabi nake tafiya. Ranar da zazzaɓi ya kama ni kana zaune muna dara, na ce maka na ninka magani, Sista ta ce in na ninka ba abin da zai same ni. Ka ce mini madalla. Sannan ka tura ɗan dara ka ci mini biyu."

Ajabna ya buɗe baki. Muka jira, don ba mu taɓa ganin an bar shi ba amsa ba. Ya rufe.

Daga ciki Sista Mahasin ta kira sunansa. Ya dafa kujerar da hannu biyu ya tashi ya shiga, Taju kuma ya sa takalmansa ya nufi inji, don ranar layin ruwan gonakin arewa ne.